Takalmina a Layin Lemo

Tun da na dawo ban auna tiya ɗaya cikin kwanciyar hankali ba. Duk wadda ta leƙo shagona a bakin kasuwar hatsi ta Ƙaura sai ta ajiye buhu ta gyara zama ta ce, "Malama Rabi, ya Amurka?" Rabinsu ba gero ya kawo su ba. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, wannan ta ɗauki kai waccan ta ɗauki ƙafa, har na fara jin wai an kama ni a can ina yawo ba takalmi. Ba a kama ni ba. Yawo ba takalmi kuwa na yi shi, ga kuma yadda aka yi.

Ga wanda bai san mu ba, Nasiru ɗan yayana ne, Alhaji Garba na Jangeru, manomi mai ɗan garken shanu. Uwar yaron ta rasu yana rarrafe, ni na goya shi nan Ƙaura lokacin ina koyarwa a firamare. Allah ya ba shi tsawo irin na kakanmu, wanda sai ya sunkuya yake shiga zaure. Daga jefa ƙwallon kwando a filin kwaleji aka kai shi Kano, daga Kano Legas, sai ga wata jami'a a Amurka ta ɗauke shi, yana yi musu wasa suna ba shi karatu. Da ya shiga shekarar ƙarshe ya bugo waya ya ce suna da wata al'ada. Ranar wasan ƙarshe a gida, kafin a fara, ana kiran sunan duk ɗan wasan da zai gama, iyayensa su riƙo shi su tako da shi tsakiyar fili a gaban jama'a. Makarantar ta ce za ta kawo masa mutum biyu.

Inda maganar ta yi nauyi, Nasiru ɗan fari ne. Yaya bai taɓa kiran sunansa ba. "Wanga yaro" yake cewa, ko "na Rabi". Bai taɓa dafa kansa a gaban mutane ba, in sun haɗu a zaure ɗaya ya dubi tabarma ɗaya ya dubi azara. Da na kai masa saƙon sai ya ajiye igiyar da yake tufkawa.

"In riƙa mai hannu gaban duniya? Rabi, ke kin san ba mu gaji haka ba."

"Yaya, kowane yaro ubanai za shi hito da shi. Shi ɗai za a bari shi tako awa maraya?"

Ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da tufka. Bayan kasuwar Shinkafi ta ci sai ga aike, wai a fara yi masa takardun tafiya, ya kuma kai farar shadda wurin tela. Daga nan na san ba kallon Amurka zai kai shi ba. Takun nan kaɗai zai je yi, kuma ya yi shekarun yaron duka yana tara ƙarfin halin yin sa.

Mun taso daga Jangeru da hantsi, don yanzu ba mai hankalin da ke sammako a wannan hanya. Direbanmu Sale, ɗan Zurmi, ba ya kunna rediyo, ba ya hira. Idonsa na kan ɗaya hannun. In motoci na tahowa daga gaba sai ya taka wuta, in aka jima ko babur bai ɓullo ba sai ya gangara gefe ya kashe mota. Mun yi irin wannan tsayuwar bayan Shinkafi, daidai wani ƙauye da na sani da mata masu suyar ƙosai a bakin titi. Murhunansu na nan, ba kowa. Dawa ta nuna a gona har ta sunkuya, ba mai yanka. Muka zauna muna jin numfashin juna, har wata motar itace ta ɓullo, direbanta ya ɗaga hannu, Sale ya ce bismillah ya tayar. Mu a wurinmu shiru a hanya ba alheri ba ne, jikinmu ya riga ya koyi haka.

A Gusau muka biya wurin likitan Yaya, saboda yana da ciwon suga, kullum da safe sai ya yi wa kansa allura. Likitan ya ja mana kunne: in ya yi allura lallai ya ci abinci, kuma dabino kada ya rabu da aljihunsa, da ya ji jiri da gumi ya jefa a baki. Na sayi dabino mai kyau na cika jakata.

A jirgi na zauna kusa da wata 'yar Maraɗi, Hajiya Zainabu, wadda ta daɗe a can tana kitso. Ta ga na kwance bakin zane ina duba dalolin da na canzo, sai ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Waɗanga takardu kika dogara da su? Hajiya, ki nemi kati. Akwai wuraren da ko kin shimfiɗa su ƙasa ba mai duƙawa."

Na ce mata to, a raina ina cewa kuɗi ai kuɗi ne. Katin bankin da nake da shi ko a Gusau sai ya ga dama yake aiki, na baro shi ƙarƙashin katifa.

A bakin shiga ƙasar wani kare ne ya fara tarbar mu. Ya zagaya akwatina ya zauna, sai ga ma'aikaci da safar hannu. Kilishin da na sayo wa Nasiru ya tafi, daddawa ta bi shi, mutumin yana riƙe da ita nesa da hancinsa yana ba ni haƙuri. Dabino dai ya juya shi ya mayar mini. Yaya ya bi karen da kallo ya ce, "Ikon Allah, nan har karnuka an ɗauka aiki." Aka ɗauki hoton idonmu da zanen yatsunmu, ƙofa ta buɗe kanta muka fita.

Nasiru na tsaye yana jira. Ya zube ƙasa ya gaida ubansa, a durƙushen ma ya kusa kai kafaɗarsa. Yaya ya dubi rufin ginin ya ce, "Mun iske ku lahiya?" sai ka ce da wata tawaga yake magana. Ni kam na rungume abina na yi kukana.

Garin da jami'ar take shi ya fara tayar mini da tsigar jiki. Tituna masu faɗi, gidaje ba katanga, ciyawa a aske, motoci a jere a ƙofar kowane gida, amma ba mutum. Ba yaro mai kuka, ba akuya, ba hayaƙin girki, ba mai zama ƙofar gida. Na ji kamar in ce wa mai motar ya gangara gefe mu jira.

"Nasiru, mi ya hwaru garin ga? An tashe su?"

"Gwaggo, suna ciki. Haka suke zama."

Duk kwanakin da na yi ban daina leƙen tagogin nan ba, ina neman ko inuwar mutum. Kiran salla ma sai dai waya ta yi maka shi daga aljihu.

Otal ɗinmu ba mabuɗi, kati ake nuna wa ƙofa. Matar da ke zaune a bakin shiga tana da wani murmushi da ke zuwa ya ɗauke kamar wutar Ƙaura: in kin dube ta ya kawo, kina kau da kai ya tafi. Bayan gida ba buta, sai da na mayar da wani bokitin ƙanƙara buta na kai wa Yaya ɗaya. Shi kuwa ranar farko ya fito ya leƙa ɗakina, ƙofarsa ta rufe kanta, ya tsaya a baranda daga shi sai singileti yana yi wa ƙofa magana. Nasiru ya kai mu wani kanti mu sayi burodi, na ga ya ɗauki kaya ya nuna wa wata na'ura wayarsa, ta yi ƙara, muka fito. Ba sallama, ba taya, ba albarka, ba gyara. Ni da na tsufa a ciniki na ji kamar sata muka yi.

Ranar wasan Asabar ce, da azahar za a fara. Nasiru ya tafi wurin 'yan ƙungiyarsu tun da safe. Yaya ya yi allurarsa, ya sa sabuwar rigarsa, muka sauko ɗakin karin kumallo. Nan ma ba mai zuba abinci, tire-tire ne a jere kowa ya ɗiba. Na ga wani jan nama yanka-yanka na tambayi wani bature, ya ce alade ne. Shi ke nan. Yaya ya ture har burodin da ke kusa da tiren, ya sha baƙin shayi ya miƙe.

"Yaya, ka yi allura hwa."

"In mun dawo ni ci. Ba ga dabino nan ba?"

Matar kocinsu ce ta zo ta ɗauke mu, wata ƙatuwa mai fara'a da yawan magana. Zauren wasan ya fi kasuwar hatsi haɗe da tasha girma, a rufe ruf, ba taga ko ɗaya. Jama'ar da na rasa a gari ashe nan suke, dubbai, kowa da jar riga. A ƙofa ana binciken jaka. Mai gadin ya zaro ƙullin dabinona ya ce ba a shiga da abinci, akwai na sayarwa a ciki. Na buɗe baki zan yi masa bayani da ɗan Turancina na malaman firamare, sai na ji Yaya ya ja gefen mayafina.

"Kada ki hwaɗa masu. In sunka ji ba ni da lahiya asibiti za su kai ni, wanga yaro shi tako shi ɗai."

Nasiru ya taɓa ba mu labarin yadda suke, mutum ya ɗan yi tangaɗi sai ga motar asibiti. Na bar wa mai gadin ƙullin. Ina kallo dabinona ya faɗa kwandon shara.

Aka zaunar da mu a kujerun gaba tare da iyayen sauran yaran. Matar kocin ta ɗora mini furanni a cinya, ta ce za ta dawo ta ɗauke mu in lokaci ya yi, ta ɓace cikin jama'a. Ganguna na tashi, fitilu na yawo. Ba a jima ba na waiwaya na ga goshin Yaya na tsattsafo gumi, alhali wurin sanyi har cikin ƙashi. Ya cire hula ya share fuska, hannun na rawa.

"Rabi, samo mani lemo. Yi sauri. Kuma kada ki hwaɗa ma kowa."

Na ajiye furannin na fita. Bayan kujerun akwai wani dogon lungu na siminti da ya zagaye ginin gaba ɗaya, nan masu sayar da abinci suke. A gida in ana kokawa ko ƙwallo, kana zaune za a kawo maka zoɓo da gyaɗa da ruwan leda har kan cinyarka. Nan ba mai talla ko ɗaya. 'Yan tagogi ne ƙalilan, kowace da layin da ban ga ƙarshensa ba.

Na hango wani shago na gilashi ba layi, na nufe shi da murna. Firji cike da lemo kala-kala, amma ba mai shago. Wata 'yar ƙofa ce iya ƙugu, mutum ya nuna mata waya ta buɗe, ya shiga ya ɗauki abin da yake so ya fice, bai dubi kowa ba, kowa bai dube shi ba. Na ɗaga kai na ga rufin cike da ƙananan kyamarori baƙaƙe, duk sun zubo ido ƙasa. Na yi sallama, ba amsa. Na tura ƙofar, ta kawo jar wuta ta ƙi motsi. Lemon yana nan gabana, da na miƙa hannu da kyau sai in taɓa gilashin firjin. Na juya na bi layi.

Na sha layi a rayuwata, na taki, na kananzir, na katin zaɓe, amma ban taɓa shiga irin wannan ba. Layinmu na gida hayaniya ce, a yi faɗa a shirya, a tambayi lafiyar yara, kafin ka kai gaba ka san wanda ya mutu da wadda ta haihu. Wannan shiru yake. Kowa ya sunkuyar da kai kan waya, hasken ya haska fuskarsa daga ƙasa, fari fat. Ta cikin bango ana jin rurin jama'ar da ke zaure, can ƙasa-ƙasa kamar hadari na haɗowa daga gabas. A matsa taku ɗaya, a tsaya. Na gaida matar da ke gabana, murmushin nan ya kawo ya ɗauke. A raina ina ta lissafin gumin Yaya, ina karanta duk abin da ya zo bakina.

Da ƙyar na kai gaba. Wata yarinya ce a tagar, da 'yar hula. Na nuna lemo, na kwance bakin zane na miƙa mata kuɗi. Ta dubi takardar, ta dube ni, ta janye hannuwanta baya.

"Yi haƙuri, ba ma karɓar kuɗi. Kati ko waya."

"Kuɗinku ne fa. Ga hoton tsohonku a jiki."

"Na sani. Ba ma karɓa."

Muna yara ana ce mana ranar kasuwa aljanu na shigowa cikin mutane su yi sayayya, in sun tafi mai kaya ya duba aljihu ya tarar da ganye. Wallahi irin kallon da yarinyar nan ta yi wa kuɗina ke nan, kuma a lokacin ni kaina na fara shakkar ko mutum ce ni a wurin. Ta nuna mini can ƙarshen lungun, ta ce akwai na'urar da ke haɗiye kuɗi ta ba da kati. Na waiwaya na dubi layin da ke bayana, ya ninka yadda na same shi.

To, nan ne maganar takalmi ta shigo. Kun tuna shekarar da kuɗi suka ɓace, muna kwana muna tashi a ƙofar banki? Takalma ne ke bin layi, masu su na inuwa. Silifas, sau-ciki, sambatsai, har da na roba mai ɗaure da waya, kuma ban taɓa ganin wanda ya tsallake takalmin wani ba. Ko ɗan iskan gari ya san takalmi mutum ne. Don haka ban yi wani dogon tunani ba. Na tuɓe nawa na jera su daidai bakin tagar, na dubi na bayana, wani mai gemu da ya shafe fuskarsa da jan fenti, na ce masa yanzu zan dawo. Ya gyaɗa kai yana murmushi. Na ruga da safa a kan simintin nan mai sanyi.

Na'urar ma da nata layin, gajere, na irina: wani tsoho mai sanda, wata mata da 'ya'ya. Ba wanda ya dubi wani, kamar duk kunyar juna muke ji. Da na kai, ta yi ta tofo mini takardar saboda ta yamutse a bakin zane. Na goge ta a cinya na lallaɓa na sake turawa. Ta haɗiye, ta yi shiru har na fidda rai, sannan ta turo wani farin kati wanda ba suna a jikinsa.

Dawowa ta zama aiki. Lungun zagaye yake, ko'ina iri ɗaya, tagogi iri ɗaya, jajayen riguna iri ɗaya. Ina cikin waige-waige sai na yi karo da wani abu. Tsayin mutum ne da jikin gashi, da kan kura ƙato, baki a wangale cikin dariyar da ba ta motsi, idanu ba sa ƙiftawa. Na ce a'uzu billahi da ƙarfi. Daga baya Nasiru ya ce mini ɗalibi ne a ciki, kowace makaranta da irin dodonta mai sa jama'a nishaɗi. A lokacin ban sani ba. Ya tare mini hanya, ya nuna ƙafafuna, ya kama kai da hannu biyu, ya shiga taka rawa. Na yi dama ya yi dama, na yi hagu ya yi hagu, bai ce uffan ba. Yara na dariya, manya na ɗaukar mu hoto. Da Hausa na roƙe shi, na ce don Allah don Annabi ka ba ni hanya, ɗan'uwana na can ba lafiya. Ta cikin wangalallen bakin na hango wasu idanu na mutum, a gajiye, suna kallona ta bayan raga. Na ture shi na wuce.

Na gane tagar da takalmina. Wani ya ɗauke su ya jera su tsaf a gefen kwandon shara. Yarinyar mai hula ba ta nan, wani saurayi ne a wurinta. Mai jar fuska ya tafi. Duk wanda ya ga tsayuwata ta farko ya ɓace, sababbin kawuna ne a sunkuye. Na zura takalmin na matsa gaba, na ce wurina ne, ga shaidata a ƙafata. Ba wanda ya yi mini tsawa. Sai kawai suka matse, kafaɗa ta haɗu da kafaɗa, wani mai gadi ya zo cikin ladabi ya nuna mini ƙarshen layi da tafin hannu. Da a gida ne da an yi rigima, cikin rigimar wani dattijo ya ce ku tsaya mu ji ta bakinta. Nan ko arzikin faɗa ban samu ba.

Na san abin da za ku ce, don an riga an faɗa mini a shago: me ya hana ki kwarma ihu ki ce ga mara lafiya? Mai faɗin haka bai san Alhaji Garba ba. Mutumin da ya ƙetare duniya don taku ɗaya, ya ce mini kada in faɗa, in je in sa a ɗauke shi a gadon asibiti ɗansa na kallo? Na koma ƙarshen layi ina haɗiye kuka.

Na kai wajen tsakiya sai ganguna suka tsaya. Wata murya ta cika ginin, ta fito daga bango da rufi, ta fara kiran sunaye. A saman tagar akwai talabijin marar sauti, hotonsa na ɗan makara a bayan muryar. Na ga yaro na farko ya fito tsakanin uwa da uba. Ƙafata ɗaya na cewa koma, ɗaya na cewa ki koma da me? Na tsaya. Na biyu ya fito. Layi ya matsa taku ɗaya.

Sai na ji sunan Nasiru, an murɗe shi an ja shi, da sunan ƙasarmu a bayansa.

Na ɗaga kai. Ga Nasiru a bakin fili yana waige, ni yake nema. Ga matar kocin ta riƙo Yaya ta miƙa masa shi. Farar shaddar na ɗaukar ido, hular ta karkace. Tafiyar da yake yi ba tasa ba ce, ƙafa na jan ƙasa kamar mai tafiya cikin barci, kuma yana wani murmushi sake-sake da ban taɓa gani a fuskarsa ba tun muna yara. Ya kama hannun Nasiru da hannu biyu. Da suka kai tsakiya sai ya saki hannun ya rungume shi, ya kifa fuska a ƙirjinsa, bakinsa na motsi. Jama'a suka miƙe gaba ɗaya, na ji simintin na rawa a ƙarƙashin ƙafata. A karon farko mutanen layin suka ɗago kai. Matar da ke gabana ta dafe ƙirji tana share hawaye, ta juyo ta ce mini, "Dubi yadda yake son ɗansa."

Duk ginin nan ni kaɗai na san jikin Yaya ne ke tsaye a can, shi ba ya ciki. Tsoron da na ji ban taɓa jin irinsa ba, ko a hanyar Shinkafi.

Ban san lokacin da na ratsa layin ba. Wani ya biya lemonsa an ajiye masa a bakin taga, na sure kofin, na jefa musu farin katin, na ruga. Ba wanda ya bi ni. Ko ɓarauniya ba a ce mini ba.

Na same su a wani ɗan ɗaki bayan fili. Nasiru ya gane ciwon ne tun a tsakiyar filin, shi ya tallabo shi ya fito da shi ana tafi, likitan ƙungiyar ya matsa masa wani abu mai zaƙi a baki. Yaya na kan kujera ido a lumshe. Nasiru na durƙushe gabansa cikin kayan wasa, idanunsa jawur.

"Gwaggo, ya kira sunana," ya ce da ni a hankali. "Yana ta kira. Ya ce Nasiru, Nasiru, ashe haka ka girma."

Na kafa wa Yaya kofin a baki, ya sha, ya sha. Muna tsaye muna kallo gumin ya bushe, rawar hannun ta tsaya, idon ya dawo irin nasa. Ya gyara hula. Ya ga yaron dab da gwiwarsa, sai ya kau da kai ya dubi bango.

"Rabi, har yanzu ba su kira mu ba? Hwaɗa ma wanga yaro shi koma wurin aikinai. In sunka kira, ina shirye."

Daga waje aka busa usur, wani ya leƙo ya kira Nasiru. Ya tashi ya fita yana goge fuska da rigarsa. An ce sun ci wasan, ni ban ga komai ba.

A otal na faɗa wa Yaya an riga an yi. Ya ce in daina yi masa wasa. Da ya ga ba wasa nake ba ya shiga ɗakinsa, bai fito ba sai washegari. Likitan ƙungiyar ya ce haka ciwon yake, in suga ya faɗi ƙwarai mutum zai yi tafiya ya yi magana, bayan nan ba abin da zai tuna. Kafin mu iso gida hoton ya riga mu, yana cikin wayar kowa daga Shinkafi har Zurmi. Mutane na ta zuwa yi wa Yaya barka, wasu na zolayarsa wai Amurka ta cire masa kunya. Shi kaɗai ne bai kalla ba. Duk wanda ya miƙo masa waya sai ya ce idonsa ba ya ganin ƙananan abubuwa.

A gidana ya sauka kafin ya wuce Jangeru. Da safe na kai masa kunu da ƙosai, na tsaya a kansa sai ya cinye. Yana juya ludayi, bai dube ni ba, ya ce, "Rabi, da gaske na rungume shi?"

"Da gaske, Yaya."

"Gaban mutane?"

"Gaban kowa."

Ya daɗe yana kallon kwanon. Sannan ya ɗaga hannunsa na dama sama kaɗan, kamar mai gwada tsawon dawa, ya tsaya yana dubansa.

"Hannuna ya kai kahwaɗatai?"

"Bai kai ba, Yaya," na ce. "Shi yad duƙo maka."